Alhaki Kuykuyo Ne: Littafin Da Nake Roƙon Zaurenmu Na Yalwawa Ya Ɗauka

Duk lokacin da zauren karatunmu na Yalwawa ya kammala littafi, sai a buɗe muhawarar da kan fi ta littafin da aka gama zafi, wato wanne za a ɗauka nan gaba. A wannan karon ba ni da kwana-kwana. Ina so mu karanta Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, kuma ina son haka har cikin raina. A cikin ƙagaggun labaran Hausa da suka ratsa hannuna, babu wanda ya riƙe ni irin riƙon da wannan ya yi mini, babu kuma wanda nake ɗokin jin bakin jama'a a kansa kamarsa.

Na san sunayen da ake ta ambata, kuma ban raina ko ɗaya ba. Dattawan cikinmu suna son a koma kan Ruwan Bagaja na Abubakar Imam ko Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, 'ya'yan gasar nan da Rupert East ya shirya daga Zariya a 1933. Waɗannan iyayen gida ne, da su aka buɗe ƙofar ƙagaggen labari a rubutun boko, sai dai yawancinmu mun haɗu da su a aji, mun haddace jigonsu da salonsu saboda jarrabawa, har ya zama da an ambace su kowa amsar malaminsa yake maimaitawa. Matasa kuwa sun kawo In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya girgiza kasuwa a farkon shekarun 1990, wasu kuma suna so a ɗauko ɗaya daga cikin labaran da ake saki kashi-kashi a WhatsApp da Wattpad. Duk za mu kai gare su in Allah ya yarda. Amma zaure irin namu, inda malamar firamare ke zama kusa da ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse, ma'aikacin sakatariya kusa da uwar gida mai sana'ar ɗinki, yana buƙatar littafin da zai buɗe bakin kowa. Akwai 'yan uwa mata da ke zuwa zama bayan zama, su saurara, su yi murmushi, su tafi ba su ce uffan ba. Na yi imani ranar da aka fara karanta labarin Rabi, su za a rasa yadda za a yi a karɓi magana daga bakinsu.

Ga labarin a taƙaice. Rabi matar Alhaji Abdu ce, ɗan kasuwa a Kano. Shekara 22 suna tare, 'ya'ya tara tsakaninsu. Alhaji Abdu ba matalauci ba ne, yana da rumfa, ciniki yana tafiya, amma kuɗin cefanen da yake ajiyewa ba ya kai gidan ko'ina, sauran dukiyar kuwa tana tafiya wajen jin daɗin kansa da neman mata a waje. Ana cikin haka ya auro Delu, macen da ta daɗe a zaman bariki. Rigima ta tashi tsakanin uwargida da amarya, Alhaji ya goyi bayan amarya, ya saki Rabi, ya kore ta da 'ya'yanta.

Wallahi babin farko kaɗai ya isa ya sa a ɗauki littafin nan. Abin da Balaraba ta yi a wurin, kafin ita ban ga wanda ya yi shi da wannan ƙarfin ba: ta ɗauki kuɗin cefane ta mayar da shi abin rubuta adabi. Littattafan da muka taso da su sun kai mu fadar sarakuna da dokar daji da duniyar aljanu, sun ƙetara da mu Sahara. Ita kuwa madafi ta kai mu, ta zaunar da mu gaban murhu, ta ce mu yi lissafi tare da matar da aka bar wa abin da ba zai ciyar da rabin gidan ba, ga yara sun dawo daga makaranta, ga mai gida zai dawo da dare ya nemi tuwo, in bai samu yadda yake so ba ya yi faɗa. Mai karatu zai ji zuciyarsa tana bugawa a kan abin miya kamar yadda take bugawa a fagen yaƙi a wani littafin. Wannan gwaninta ce babba, kuma ba ta samuwa sai ga marubucin da ya san cewa a nan ne yawancin mutane ke yin yaƙinsu na kullum.

Sannan ga yadda ta gina Alhaji Abdu. Da ta so, da ta yi shi dodo mai ƙaho, mu tsine masa mu huta. Ba ta ba mu wannan sauƙin ba. Mutum ne irin wanda ake gaisawa da shi a ƙofar masallaci, ana kiransa Alhaji, ana ba shi wuri a ɗaurin aure. Zaluncinsa na cikin gida ne, inda babu shaida sai mata da yara. Shi ya sa yake da ban tsoro, shi ya sa kuma duk wanda ya karanta sai wata fuska ta faɗo masa a rai, ta maƙwabci, ko ta kawu, ko ta wanda ya fi haka kusa. Ina roƙon duk wanda zai jagoranci zaman ranar ya gargaɗe mu tun farko cewa ba a kama suna, domin na tabbata harsuna za su yi ƙaiƙayi.

Delu ma abar tattaunawa ce. Littafin bai tausaya mata ba, ni ma ina karantawa ina jin haushinta. Amma idan aka ajiye littafin aka yi tunani, sai tambaya ta taso: wa ya je ya nemo ta? Wa ya shigo da ita gidan da ya san ya kasa riƙewa? Ina so in ji yadda zaurenmu zai raba laifi tsakanin su biyun, domin a unguwanninmu an saba a tattara shi duka a jibga wa kishiya, mai gida ya fita fes.

Inda littafin ya mallake ni gaba ɗaya shi ne bayan sakin. Rabi ta fita da 'ya'ya, ba ta da takardar makaranta, ba ta da jari. Ta yi kukanta, 'yan uwanta suka tallafa gwargwadon hali, sannan ta ɗaura ɗamara ta kama sana'ar dafa abinci tana sayarwa. Da tukunyar nan ta ciyar da 'ya'yanta, da ita ta riƙe karatunsu. Abin da mijin da ke da rumfa a kasuwa ya ƙi yi, matar da ya kora da hannu biyu ta yi shi. Balaraba ba ta sauko mata da wata mu'ujiza daga sama ba, babu jakar kuɗi a bakin hanya, babu gadon wani kawu da ba a sani ba. Tashin asuba ne da hayaƙi da lissafin riba ƙwandala-ƙwandala.

To wa a Dutse bai san Rabi ba? Ku duba masu tuwo da shinkafa da wake a bakin tasha, da masu ƙosai da koko da sassafe a lungunan Yalwawa da Fagoji da Takur, da matan da ke cikin gida suna soya awara yara na fita da ita. Da yawansu akwai irin wannan labari a bayan tukunyarsu, na saki ko na mutuwar miji ko na mijin da yana nan amma kamar babu shi. Muna saye a wurinsu kullum, mu karɓi canji mu wuce. Littafin nan yana sa mutum ya tsaya ya dubi mai abincin da idon girmamawa, kuma ni a wurina wannan kaɗai babban aiki ne ga littafin da za a iya gamawa a 'yan kwanaki. Lokacin da ya fito a 1990 ma Dutse tana cikin Jihar Kano, sai ranar 27 ga Agusta 1991 aka yanke Jigawa. Saboda haka ba labarin wasu baƙi ba ne, gidajen iyayenmu ake nufi, da irin lefenmu da irin surukutarmu da irin yadda ake taruwa a yanke wa mace hukunci tana zaune.

Masu son soyayya kada su ce an manta da su. Akwai Saudatu, 'yar Rabi, yarinya mai kunya da tarbiyya, wadda wani attajiri, Alhaji Abubakar, ya gani ya nemi aurenta. A nan littafin yake sassautawa ya bar mai karatu ya numfasa, a sha biki, a baje kaya. Na ji masu cewa marubuciyar ta cika jero kayan aure dalla-dalla har abin ya yi yawa. Ni kam ina jin daɗin wuraren nan ƙwarai. Duk wadda ta taɓa zama wajen buɗe lefe ta san ba kallon zannuwa kawai ake yi ba, ana auna darajar gida ne, ana aika saƙo ga dangin uba da suka yi watsi da yarinya. Ga matar da aka kora ba ta da na sabulu, kowane akwati da aka sauke a ƙofarta amsa ce. Ban da haka, shekaru sama da 30 bayan fitowar littafin, waɗannan shafuka sun zama ma'ajiyar tarihi, suna nuna mana abin da ake yayi a Kano a ƙarshen shekarun 1980. Iyayenmu mata da ke zauren za su ba mu labarin nasu lefen, 'yan mata su kwatanta da na yau. Zama guda cur za a iya yi a kan wannan.

Duk da haka akwai tambayar da ya kamata mu yi wa kanmu a kan Saudatu: shin mafitar 'yar matar da aka zalunta ita ce ta samu miji mai kuɗi? In da Alhaji Abubakar bai ɓullo ba fa? Littafin ya bar ƙofar nan a buɗe, kuma ɗalibanmu mata na jami'a da na kwalejin fasaha suna da abin cewa a kai.

Wadda ta rubuta wannan labari ta san abin da take faɗa. Balaraba Ramat Yakubu Bakanuwa ce, ƙanwar marigayi Janar Murtala Ramat Muhammad, shugaban ƙasar da aka kashe ranar 13 ga Fabrairu 1976. Wannan babban suna bai hana a cire ta daga makaranta a yi mata aure tana 'yar shekara 13 ba. Yarinyar da aka katse wa karatu ita ce ta dawo ta zama ɗaya daga cikin manyan marubutan Hausa na zamaninta. Ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987, sannan Alhaki Kuykuyo Ne da Wa Zai Auri Jahila? a 1990. Kafin ita, Hajiya Hafsatu Abdulwaheed ta share wa mata hanya da So Aljannar Duniya a 1980, amma Balaraba ce ta shigo da zafin da ya sa aka daina kallon rubutun mata a matsayin hirar soyayya kawai. Duk lokacin da na tuna tarihinta sai in ji ƙaunar littafin ta ƙaru, domin na san tausayin da take wa Rabi ba na aro ba ne.

Zamanin da ta yi rubutun ma abin sani ne. Shirin tsuke bakin aljihu na SAP da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ɓullo da shi a 1986 ya karya darajar naira, takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja baya da buga littattafan Hausa. Sai marubuta matasa suka ce ba za su jira kowa ba. Suka riƙa kai rubutunsu ƙananan maɗaba'u da kuɗin aljihunsu, suna rarrabawa ta hannun 'yan kasuwa, suka kafa ƙungiyoyi irin su Raina Kama, wadda Balaraba ke cikin jagororinta tare da Ado Ahmad Gidan Dabino da Ɗan'azumi Baba. Littattafan suka shiga ɗakunan matan aure, ana saye, ana haya, ana aro daga gida zuwa gida har bango ya yage. Wasu masana suka laƙaba musu sunan Adabin Kasuwar Kano, aka yi shekaru ana fafatawa a jaridu tsakanin irin su Ibrahim Malumfashi da ke sukar ingancinsu da irin su Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu da ke kare su. A 2007 har ƙona irin waɗannan littattafai aka yi a bainar jama'a a Kano da sunan gyaran tarbiyya. To ga abin da ya faranta mini rai: daga cikin wannan tarin da aka raina, Alhaki Kuykuyo Ne ya ƙetara teku. A 2012 kamfanin Blaft da ke birnin Chennai na ƙasar Indiya ya buga fassararsa ta Turanci, wadda Aliyu Kamal na Jami'ar Bayero ya yi, aka karanta shi a ƙasashen da ba su taɓa jin sunan tuwo ba. Tun kafin nan an mayar da shi fim a 1998. Abin kunya ne a ce mutumin Indiya ya san Rabi, mu da muke tafiyar awa biyu daga Kano, kuma muke jin harshen da aka rubuta ta da shi, ba mu zauna mun tattauna ta ba.

Yanzu sai babban dalilina, wato ƙarshen littafin. Zan taɓa shi, domin sunan littafin da kansa ya riga ya faɗa wa kowa cewa sakayya na tafe, daɗin yana cikin ganin yadda za ta zo. Gobara ta tashi a kasuwa ta cinye dukiyar Alhaji Abdu. Delu da aka kori uwar 'ya'ya tara dominta ba ta tsaya cin wuya da shi ba. Ya dawo abin tausayi, ba kuɗi, ba mutunci. A nan mai karatu yake gyara zama yana cewa alhamdu lillahi, Allah ya isar wa Rabi. Sai marubuciyar ta juya wuƙar. Manya da mazan dangi suka taru a kan Rabi cewa ta yi haƙuri ta koma, uban 'ya'yanta ne. Matar da ta gina rayuwarta da guminta, ta samu kwanciyar hankalin da ba ta taɓa samu a gidan aure ba, ita aka ce ta ɗauki wanda ya wulaƙanta ta, kuma ta koma ba da son ranta ba.

Na daɗe ban ga ƙarshen labari mai nauyin wannan ba. Wasu za su ce nasara ce, domin Rabin da ta koma ba Rabin da aka kora ba ce, yanzu ita ke riƙe da gida, shi ke cin arzikinta. Wasu za su ce an sake zaluntarta ne, wannan karon da hannun masu ƙaunarta. Ni ina ɓangare na biyu, kuma a shirye nake in kare matsayina. A fahimtata Balaraba ba ta rubuta wannan ƙarshe don ta ce haka ya dace ba, ta rubuta shi ne don haka ake yi, kuma ta fi ƙarfin ta yi mana ƙarya don mu ji daɗi. Alhaki ya bi ubangidansa, gaskiya ne, amma wa aka ɗora wa jinyar wanda alhakin ya kama? Wannan tambaya ita ce ta hana ni barci, ita nake so in ajiye a tsakiyar tabarma mu kewaye ta.

Kuma muna da malaman addini a cikinmu da za su ƙara wa zancen gishiri. A mazhabar Malikiyya da muke bi, ciyar da mata da tufatar da ita da ba ta wurin zama wajibi ne a kan miji gwargwadon halinsa. Matar da aka saka tana yin iddarta a ɗakinta, ba a kore ta. Riƙon yara bayan rabuwa haƙƙin uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji, ciyar da su kuwa yana nan a wuyan uba. Waɗannan hukunce-hukunce suna cikin Risala ta Ibn Abi Zaid da ake karantawa a zaurukan malamanmu tun kaka da kakanni. Idan aka ɗora abin da Alhaji Abdu ya yi a kan wannan ma'auni, za a ga babu inda ya tsaya daidai. To ina mutanen da suka taru don mayar da Rabi suke ranar da aka kore ta? Me ya sa ake tuna wa mace haƙuri da babbar murya, a tuna wa namiji wajibinsa da raɗa? Masu zargin littattafan Hausa da ɓata tarbiyya su zo su ga wanda ke neman a bi shari'a sau da ƙafa.

Shi ya sa nake roƙon mazan zaurenmu musamman, iyayenmu da yayyenmu, kada su ce wannan littafin mata ne su zame. Ku ne kuka fi kowa buƙatarsa, ba don ana zarginku ba, sai don wata rana ku za a kira a matsayin wa ko kawu ko suruki a ce ku yanke magana a kan wata Rabi. Gara ku fara jin yadda abin yake daga cikin ɗakinta.

Ban ce komai ba tukuna game da harshen littafin, alhali shi ne abin da zai fi ba mu daɗi a zaune. Hausar Kano ce ta tsakar gida, mara ƙawa, mai gudu. Balaraba gwana ce wajen sa mata magana: habaici da gugar zana da baƙar magana da lallashin uwa duk suna fitowa yadda kunne ya saba jin su. Irin rubutun nan ba a cika masa haƙƙi da karatun zuci. Shawarata ita ce a kowane zama a ware wani yanki a karanta a bayyane, a raba muryoyi, wata ta ɗauki Rabi, wata Delu, wani Alhaji Abdu. Ta haka 'yan uwanmu da karatun boko bai zauna musu sosai ba za su shiga cikin labarin daidai da kowa, kuma na san za a yi dariya, za a yi salati, wata ma sai ta share hawaye.

Saura batun samun littafin, tunda tsohon bugu ne. Masu zuwa Kano ta Wudil sayayya su leƙa wurin masu sayar da littattafan Hausa a kasuwar Sabon Gari, sauranmu kuma mu tambayi iyaye da yayye, domin irin waɗannan littattafai sukan kwana a ƙasan akwati shekara da shekaru. Ko kwafi kaɗan aka samu sun isa, a riƙa zagayawa da su gida-gida kamar yadda aka karanta shi tun asali. Abin da ba na so shi ne mu dogara da wanda wani ya ɗauki hotonsa ya watsa a waya ba da izinin mai shi ba. Matar da ta yi mana wannan aiki ta cancanci a sayi littafinta. Ɗalibanmu masu son Turanci za su iya neman fassarar Aliyu Kamal su riƙa kwatantawa, amma karatun zaure da Hausa za a yi shi. In an amince, sai mu raba shi zama uku: daga farko zuwa sakin Rabi, sannan sana'arta da auren Saudatu, sannan gobara da komen. Zama na ukun a ba shi yamma guda cikakkiya, a fara da wuri bayan la'asar, domin na tabbata magariba za ta riske mu ba a gama ba.